Ƙirar Ɗan Adam Wadda Ba Ta Jin Kira

Manomin Musawa da ke kai audugarsa Funtuwa ko Malumfashi, ko bai taɓa jin labarin ilmin ƙwayoyin gado ba, ya riga ya shiga mas'alar da ke hana malaman kimiyya barci, domin tun 2018 hukuma ta halatta shuka audugar Bt, wadda aka dasa wa ƙwayar gadon wata baktiriya don ta kashe tsutsar da ke huda ƙwallonta, sa'an nan a ƙarshen 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fito da waken SAMPEA 20-T mai tsare kansa daga tsutsa, masarar TELA kuma ta biyo baya a 2024. Ni dai ban ga hujjar cewa waɗannan ne za su halaka Bani Adama ba, kuma wanda ya taɓa ganin ɗan ƙwadago goye da tankin feshi da rana tsaka, ba safar hannu ba abin rufe hanci, magani na ɗiga a gadon bayansa, ba zai raina irin da ya rage feshi ba. Abin tsoron yana can gaba.

A shekarar 2000 wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Bill Joy, ya yi gargaɗi a mujallar Wired cewa bam ɗin nukiliya, duk da muninsa, sau ɗaya yake fashewa, kuma sai daula mai dukiya ke iya ƙera shi, alhali mutum-mutumin inji da halittar da aka sauya wa gado suna iya kai matsayin da za su riƙa hayayyafa da kansu. Wannan magana ba ta bukatar sharhi ga wanda ƙuduji ya taɓa shiga masa gonar dawa, don ya san tsiro guda yana zubar da dubban 'ya'ya da ke kwanciya cikin ƙasa shekara da shekaru. Shekara biyu da gargaɗin, masana a Jami'ar Stony Brook suka harhaɗa ƙwayar cutar shan-inna daga sinadarai, ta bin rubutaccen tsarin gadonta kawai.

Ta fuskar injuna kuwa, mun ɗanɗana ɗacin abin a kusa. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, aka binne aƙalla mutum 85, Allah Ya jiƙansu. Wancan jirgi mutane ne suka sarrafa shi daga nesa, saboda haka aka sami wanda ya amsa laifi, aka sami wanda za a nemi haƙƙi a wurinsa. Amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 game da yaƙin Libiya ya ambaci jirgin Kargu-2 mai iya kai hari ba tare da umarnin mai sarrafawa ba. To, in irin wannan ya yi kuskure, wa alƙali zai kira, kan wa diyya za ta hau?

Ta fuskar halittu kuma, sauro shi ne mas'alar da ta fi wuyar fatawa. Bisa al'ada ƙwayar gado tana isa ga rabin zuriya ne, amma an ƙago dabarar tilasta ta ga kusan dukkan zuriya, har a 2018 masana a Landan suka ƙarar da garken sauron zazzaɓi cikin keji da ita. Maslahar a bayyane take ga duk uwar da ta kwana da yaro yana jijjiga da damina. Sai dai malaman usulu sun gabatar da tunkuɗe ɓarna kan jawo amfani, musamman ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma sauron da aka saki ba ya jin kira, bai kuma san iyakar Jibiya da Maraɗi ba. A 2019 shirin Target Malaria, mai neman amfani da wannan dabara, ya saki mazan sauro marasa haihuwa a ƙauyen Bana na Burkina Faso a matsayin matakin farko, a Agustan 2025 kuma gwamnatin ƙasar ta dakatar da shirin baki ɗaya.

A Nijeriya, dokar 2015 da ta kafa hukumar NBMA mai sa ido kan halittun da aka sauya wa gado an yi mata gyara a 2019 don ta haɗa da irin wannan dabara. Ra'ayina shi ne kada a ba da lasisin sakin irin wannan halitta sai an bayyana al'amarin da Hausa a rediyo da fadar hakimi, an saurari manoma da malamai, an kuma shawarci Nijar.