Sun Kifin Samon da Hunturu a Gaɓar Tekun Alaska

Duk wanda ya san sana'ar Sarkawa ya san cewa masunci yana da hanya biyu: ko dai ya tare kifi da taru ko koma ya kwaso shi da yawa, ko kuwa ya jefa masa ƙugiya ya zauna jira. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wata hanya da ta sha bamban da waɗannan, wadda masuntan kudu maso gabashin jihar Alaska ta ƙasar Amurka ke bi da hunturu. A nan masunci ba ya zama wuri ɗaya. Jirginsa ne ke tafiya sannu a hankali yana jan ƙugiyoyi a cikin ruwa, har kifi ya zaci wani ƙaramin kifi ne ke gudu, ya kai masa cafka. Za a iya kiran wannan hanya "jan fatsa".

Kifin da ake nema shi ne samon, kuma daga cikin iri biyar da ke tekun Fasifik ta wajen Amurka, wanda ya fi girma ake nufi, watau cinuk, wanda mutanen wurin ke yi wa laƙabi da sarkin samon. A shekarar 1949 an kama wani kusa da garin Petersburg mai nauyin fam 126, ko da yake waɗanda ake samu yau da kullum ba su kai ko kwatan wannan ba. Rayuwar kifin nan abin mamaki ce. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku yana ƙarami, ya yi shekaru yana kiwo cikin ruwan gishiri, sa'an nan ya koma ainihin kogin da ya fito, ya yi ƙwai, ya mutu. Da zarar ya shiga kogi ya daina cin abinci ke nan, jikinsa ya fara lalacewa. Wanda ake kamawa da hunturu kuwa bai kai lokacin komawa ba. Yana tsakiyar ƙuruciyarsa, yana bin ƙananan kifaye kamar herin yana ci, cikinsa cike da kitse. Asirin tsadarsa ke nan, kuma dalilin da ya sa ƙugiya ke iya kama shi ke nan, don kifi mai yunwa ne.

Hunturun da ake magana a kai ba irin na ƙasar Hausa ba ne mai hazo da bushewar leɓe. A garin Sitka, inda jiragen wannan sana'a suka fi yawa, hasken rana a watan Disamba ba ya kai awa bakwai. Ruwan sama da dusar ƙanƙara na zuba, iska na tasowa daga buɗaɗɗiyar teku, feshin ruwa kan daskare a jikin jirgi. Teku ba ta daskarewa a nan, amma sanyinta ya isa ya kashe wanda ya faɗa ciki cikin ɗan lokaci. Abin da ya sa sana'ar ta yiwu shi ne tsibirai fiye da dubu da suka jeru a gaɓar, suna kare mashigin ruwa daga manyan raƙuman teku. Doka ma ta shata iyaka, ba a yarda a yi su da hunturu a bayan wannan layi ba, sai ta cikinsa.

Jirgin kansa ƙarami ne, galibi tsawon ƙafa 30 zuwa 50, kuma mutum ɗaya ko biyu ke aiki a cikinsa, sau da yawa miji da mata ko uba da ɗa. Yana da dogayen sanduna biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. In ana tafiya a tsaye suke, in an isa wurin su sai a kwantar da su su buɗe kamar fukafukai, don layukan su yi nisa da juna kada su sarƙe. Layin ba zare ba ne, wayar ƙarfe ce wadda ke naɗe a jikin wata ƙafar naɗi da ake kira gurdi. Jirgin da inji ke juya masa gurdi an yarda ya saki waya huɗu, wanda kuwa da hannu ake juyawa biyu. A ƙarshen kowace waya akwai dunƙulen darma mai kama da ƙwallo, wanda nauyinsa kan kai fam 50 ko fiye, shi ke nutsar da ita. Zurfi da gaba ake auna shi, daidai da gabar da masu igiyar guga suka sani, watau buɗewar hannu biyu. Bayan kowace gaba biyu ko uku sai a maƙala gajeren zare mai ƙugiya ɗaya a jikin wayar, ta haka waya guda za ta ɗauki ƙugiyoyi da dama, kowace a zurfinta.

Wurin gwaninta shi ne abin da ke jikin ƙugiyar. Wani herin yake sa wa, ya lanƙwasa shi kaɗan don ya riƙa juyawa kamar kifi mai rauni. Wani kuwa ɗan ƙarfe mai siffar cokali, ko wata roba mai geza. A gaban wannan akan ɗaura faffaɗan faifai mai walƙiya wanda ke jujjuyawa a ruwa, sai samon ya zaci ɗan'uwansa ne ke cin abinci, ya matso. Gudun jirgi bai cika wuce na mai tafiya a ƙasa ba. In ya yi yawa ko ya yi kaɗan, motsin ƙugiyar ya ɓaci. A jikin sandunan akwai ƙararrawa. In ta kaɗa, masunci ya san an ci, sai ya naɗo wayar yana cire zaren ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan mai kifin. Ya jawo shi da hannu, ya buge shi a ka tun yana ruwa, ya ɗago shi. Nan take zai zubar masa da jini, ya feɗe shi, ya wanke, ya cusa masa ƙanƙara a ciki. Wanda tsawonsa bai kai inci 28 ba, tilas a sake shi.

Kifin da aka yi wa wannan hidima ba shi da ƙujewar taru, bai kuma danne a ƙarƙashin 'yan'uwansa ba. A jirgin sama ake kai shi manyan birane, a lokacin da ɗanyen samon na teku ya yi wuya a kasuwa, har farashinsa a bakin ruwa kan haura dala 10 a kan fam ɗaya. Saboda haka mutumin da ya wuni cikin sanyi ya dawo da kifi biyar ko shida bai yi asara ba. Ga ƙauyuka irin su Pelican da Port Alexander da Elfin Cove, waɗanda babu hanyar mota zuwa cikinsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne a watannin da babu wani aiki.

To, amma kifin na wa ne? Tambayar da ta fi kowace wuya ke nan. Akasarin cinuk da ke kiwo a ruwan nan ba 'yan kogunan Alaska ba ne. Sun taso ne daga kogunan yammacin Kanada da jihohin Washinton da Oregon, musamman kogin Kolumbiya, tafiyar ɗaruruwan mil. Yadda ake ganewa yana da ban sha'awa. A gidajen ƙyanƙyasar kifi akan soka wa wasu 'ya'yan kifi ɗan guntun waya mai lamba a hanci, tsawonsa kamar milimita ɗaya, a kuma yanke wani ɗan fiffike da ke bayansu kusa da wutsiya. In ma'aikaci ya ga kifin da ba shi da wannan fiffike a tashar jirage, sai ya ɗauki kan ya aika ɗakin bincike, a zaro wayar, a karanta kogin da ya fito da shekarar da aka sake shi.

Saboda wannan cuɗanya ne Amurka da Kanada suka sa hannu kan yarjejeniyar samon ta Fasifik a 1985, wadda ke ƙayyade rabon kowane yanki a shekara. An rage rabon kudu maso gabashin Alaska da kashi 15 cikin ɗari a 2009, aka sake rage shi a 2019. Daga cikin rabon ne aka ware wa hunturu kifi 45,000, ban da na gidajen ƙyanƙyasar Alaska. Ana buɗe su ranar 11 ga Oktoba, a rufe ƙarshen Afirilu ko ranar da adadin ya cika. A 2018 sai aka rufe tun 15 ga Maris, don cinuk na kogunan gida irin su Chilkat da Unuk sun ragu ainun, kuma a ƙarshen hunturu ne suke kusantar gaɓa.

Akwai kuma wani mai neman rabo wanda ba ya zama teburin shawara. Shi ne orka, wata babbar dabbar teku mai launin baƙi da fari, wadda ke shayar da 'ya'yanta kamar ayu. Wani dangi nata da ke zaune a ruwan da ke tsakanin Washinton da Kanada kusan cinuk kaɗai yake ci. Sun kai 98 a 1995, amma ƙidayar 2024 ta sami 73. A 2020 wata ƙungiyar kare kifi mai suna Wild Fish Conservancy ta kai hukumar kifi ta tarayya ƙara, tana cewa izinin da aka ba masuntan Alaska yana hana orka abinci. A watan Mayu na 2023 alƙali Richard Jones na kotun tarayya a Siyatil ya yanke hukuncin da zai dakatar da jan fatsar cinuk na rani da na hunturu duka. Kotun ɗaukaka ƙara ta tsayar da hukuncin a watan Yuni, kwanaki kaɗan kafin buɗe sun rani, sa'an nan ta soke wannan ɓangare nasa a watan Agusta na 2024.

Masu ƙara ba su yi ƙarya ba, kifin da aka kama a Sitka ba zai taɓa isa bakin orka ba. Sai dai a yi adalci, ba ƙugiyar Alaska ce ta toshe saman kogin Kolumbiya ba. Madatsar Grand Coulee ce, wadda aka gama ginawa a farkon shekarun 1940 ba tare da an bar wa kifi hanyar hawa ba. Haka nan gubar masana'antu da ƙarar manyan jiragen ruwa da ke damun orka a gidanta suke, ba a arewa ba. An fara da masu jan fatsa ne don su ne aka fi saurin ƙidayawa: kowane jirgi da lasisinsa tun da aka fara ƙayyade yawansu a 1975, kowane kifi kuma da takardar awonsa. Yarjejeniyar da ke aiki za ta ƙare a ƙarshen 2028, lokacin da wakilan ƙasashen biyu za su sake zama a kan rabon.