Lambun Buhu: Miya a Tsakar Gida Rani da Damina

Mu da muka taso a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi mun san lokacin da kayan miya ba abin damuwa ba ne. Da zarar kaka ta wuce, masu noman rani kan cika fadamun kogin Gagare da na Bunsuru, tumatir da albasa su wadata a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Yau matsalar 'yan bindiga ta hana manoma da dama zuwa gonakin nesa, kayan lambu kuma sun yi tsada.

Abin ya fi shafar ƙannenmu. A watan Yunin 2024, binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya ta Zamfara suka yi a Shinkafi da Zurmi ya nuna cewa yaro 1 cikin 4 'yan ƙasa da shekara 5 na fama da tamowa. Ba mu da ikon dawo da tsaro, amma muna iya shuka ganye a gida.

Ba sai da fili ba. Tsohon buhun shinkafa ya isa. A haɗa ƙasa da busasshen kashin awaki, a cika buhun, a jera tsakuwa a tsakiyarsa daga ƙasa zuwa sama domin ruwa ya ratsa. Sannan a huda ƙasan buhun don rarar ruwa ta fita, a yanka ƙananan ramuka a gefe a dasa ganye. Haka buhu guda zai ɗauki shuka a samansa da kewayensa.

Sirrin samun ganye duk shekara shi ne bin yanayi. Da damina a shuka kuɓewa, rama, lalo da sure, wato yakuwa. Da hunturu sai tumatir, latas da albasa, domin sun fi son sanyi. Bazara ce mai wuya: a mayar da buhunan inda ranar safe kaɗai ke duka, a rufe ƙasar da ciyawa, a dogara da alayyafo da zogale. Alayyafo kan isa yanka cikin kamar wata guda, kuma yana sake tohowa.

Ruwa fa? Na alwala da na wankin shinkafa ya wadatar, ban da mai sabulu. Idan ƙwari suka kawo farmaki, a jiƙa dakakken ganyen dogon yaro a yayyafa. Awaki da kaji kuwa, sai an kewaye da kara.

Gaskiya buhu ba zai maye gurbin gona ba. Gero da dawa sai daji. Amma idan Inna ta tsinki ganye a bayan ɗaki, kuɗin cefane ya ragu, ƙannenmu kuma sun ci abin gina jiki. 'Yan uwa ɗalibai, hutun nan mai zuwa kowa ya gwada buhu biyu.