Giyabos Mai Sarrafa Kansa: A Gano Cuta Kafin a Kashe Kuɗi

LEGAS — Yawancin motocin tokumbo, waɗanda ake kira Beljiyam, da ke shigowa Nijeriya ta tashoshin jiragen ruwa na Legas suna zuwa ne da giya otomatik, wato mai sarrafa kanta. In ban da injin, da wuya a sami sashen mota da ya kai giyabos ɗin nan tsadar gyara. Tun watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canjin kuɗin waje, darajar naira ta faɗi, farashin kayan gyara da ake shigo da su kuma ya tashi a kasuwanni irin su Ladipo a Legas da Nkwo a Nnewi. Saboda haka, sauke giyabos kafin a san ainihin cutarsa asara ce ga mai mota, musamman wanda motar ce jarinsa.

Irin wannan giya, wadda kamfanin General Motors na Amurka ya fara sayarwa da yawa a motocin Oldsmobile samfurin 1940, da ƙarfin mai take aiki. Injin yana juya wata tukunya da makanikai ke kira konbata, ita kuma ta miƙa ƙarfin zuwa cikin giyabos ta hanyar mai. Famfo yana tura man cikin allon bawuloli, su kuma bawulolin su aika shi ya matse jerin faya-fayan kuloci, waɗanda aka fi sani da faiba. Matsewar nan ce ke sauya giya. Famfon ba ya aiki sai injin na tafiya, shi ya sa jan matacciyar mota zuwa nesa, ƙafafun da ke tura ta suna ƙasa, yakan ƙone giyabos mai lafiya.

Matakin farko na bincike shi ne duba mai, kuma ba ya cin ko kwabo. A yawancin tsofaffin motoci ana duba shi ne injin na tafiya bayan ya yi zafi, motar tana tsaye a wuri mai daidai. Akasarin motocin Honda kuwa sai an kashe injin. Mai lafiyayye ja ne garau. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, faiba sun soma cinyewa. In ya koma kamar an zuba masa madara, ruwa ne ya shiga daga lagireto, inda bututun sanyaya man ke ratsawa. Ƙarancin mai kaɗai yana iya sa mota jinkirin shiga giya ko ribas.

Mataki na biyu shi ne na kwamfuta. Daga shekarar 1996 an wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin OBD-II, wanda ke ba da lambar matsala idan aka jona na'urar bincike. Lambar P0700 tana nuna cewa kwamfutar giya ta ga matsala, P0741 kuwa tana nuni ga kulocin da ke cikin konbata. Sau da yawa motar da ta maƙale a giya ta biyu ko ta uku ba ta da wata ɓarna a ciki: kwamfutar ce ta kulle ta don kariya, saboda tsinkewar waya, ko mutuwar na'urar auna gudu, ko ta solenoyid. Ana canza waɗannan ba tare da an sauke giyabos ba.

Bayan haka sai a gwada motar a kan hanya, a auna ƙarfin man da geji, sannan a kwance kaskon da ke ƙasa. Ɗan gari mai launin toka a jikin maganaɗisun kaskon ba abin damuwa ba ne. Amma ɓarɓashin ƙarfe ko gutsattsarin faiba shaida ce cewa babu makawa sai an buɗe.

Aikin sabuntawa na gaskiya ya wuce canza faiba. Ana kwance komai a wanke, a duba haƙoran giya da famfo, a canza dukkan sil da gaskit da filta. Sababbin faiba sai an jiƙa su a man giya aƙalla minti 15 kafin a jera su, a kuma auna tazarar da ke tsakaninsu bisa ƙa'idar kamfanin da ya ƙera motar. Wajibi ne a wanke bututun sanyaya mai, a kuma canza konbata idan giyabos ya zubar da ƙarfe, domin dattin da ya ɓuya a cikinsu shi ke kashe sabon aiki cikin 'yan makonni. A ƙarshe a zuba irin man da aka rubuta wa motar, ko Dexron, ko Mercon, ko T-IV na Toyota, domin ba kowane jan mai ne ya dace da kowace mota ba.

Ta fuskar kuɗi, zaɓi biyu ne a gaban mai mota. Giyabos na tokumbo ana iya ɗora shi cikin kwana ɗaya ko biyu, abin da ke da muhimmanci ga mai motar haya da kowace ranar zama asara ce gare shi. Sai dai ba a san tarihinsa ba, garantin da dillalai ke bayarwa gajere ne, kuma dole lambarsa ta yi daidai da ta tsohon. Sabuntawa kuwa tana cin lokaci, tana kuma buƙatar ƙwararren hannu da wuri mai tsabta, amma mai mota ya san abin da aka sa a ciki.

Kowanne aka zaɓa, ya kamata a yi yarjejeniya a rubuce kan tsawon garanti, a nemi makaniki ya nuna tsofaffin kayan da ya cire, a kuma kwatanta kuɗin aikin da darajar motar a kasuwa. Idan gyara zai lashe kaso mai tsoka na abin da motar za ta kawo in an sayar, gara a sake lissafi tun ba a kwance ƙusa ko ɗaya ba.