Ko Ka Sani? Bindigar da Ƙera Ta Ya Fi Ɗura Mata Harsashi Sauri

Ko ka san an taɓa yin wata 'yar ƙaramar bindiga wadda kafin mai riƙe da ita ya gama sa mata harsashi na biyu, masana'antar da ke ƙera ta ta riga ta fitar da wata sabuwa fil? Sunanta Liberator, a takardun sojan Amurka kuwa FP-45. An yi ta a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. A tarihin bindigogin aljihu masu araha, da wuya a samu wadda ta kama ƙafarta wajen ban mamaki.

Ga lissafin, kowa na iya yi da wayarsa. Guda miliyan ɗaya aka ƙera cikin mako 11 kacal, da ma'aikata kusan 300. Mako 11 daƙiƙa miliyan shida da dubu ɗari shida da 'yan kai ne. Raba su gida miliyan, sai ka ga kowace bindiga ba ta cika daƙiƙa bakwai ba, ko da an haɗa da dare da ranakun hutu. Shi kuwa mai harbi, in ya saki harsashi ɗaya tilo da take ɗauka, sai ya ja wani ƙulli da ke bayanta ya karkatar da shi gefe, ya ɗaga 'yar ƙofar ƙarfe, ya ɗauko ɗan tsinken itace ya zura ta baki ya tunkuɗo kwanson da ya maƙale, sannan ya sa sabo, ya rufe, ya sake ɗanawa. Mai saurin hannu ma yakan kai daƙiƙa goma. Ina maganar wanda jikinsa ke ɓari, ga duhu, ga abokin gaba a gabansa?

Ɗan tsinken nan fa ba dabarar wani soja ba ce a fagen daga. Da shi ake haɗo bindigar tun daga masana'anta! Kowace guda tana cikin ɗan kwali mai rufin kakuma don kada ruwa ya shiga, tare da harsashi goma, da tsinken, da wata takarda mai zane-zane da ke nuna yadda ake amfani da ita. Babu bayani da rubutu, zane ne zalla, don Bafaranshe da Bagirke da mutumin Sin duk su gane ba sai an nemo tafinta ba. Mariƙinta kuma rami ne a ciki, ana cusa harsashi biyar a ajiye.

Su wa suka ƙera ta? Masu yin fitilar mota. Wani reshe ne na kamfanin General Motors mai suna Guide Lamp, a garin Anderson na jihar Indiana. Su sun ƙware wajen danna fallen ƙarfe da inji ya fito da siffar da ake so, to haka suka yi wa bindigar: sassa 23, yawancinsu dannawa aka yi aka liƙa. Nauyinta bai kai rabin kilo ba, tsawonta santimita 14, kuɗinta dala 2 da santi 10. Don kada asiri ya tonu, a takarda an rubuta cewa na'urar harba wutar ishara ce ake yi, har sassanta aka canza wa suna, bututun aka kira shi fayif.

Amma araha ba ta ado. Bindigogin kirki ana yi wa cikin bututunsu tsaga mai murɗe-murɗe, ita ke sa harsashi ya fita yana juyawa ya tafi a miƙe. Liberator cikinta sumul yake. Harsashin babba ne, irin na fistol ɗin sojan Amurka, amma da ya wuce mita bakwai zuwa takwas sai ya fara tuntsurawa a iska, inda Allah ya kai shi nan ya faɗa. Ba a kuma yi ta don ta daɗe ba, in aka matsa mata da harbi sai ta fara kwancewa.

Abin da ya sa labarinta ya kama ni shi ne na taɓa tsayawa kusa da wani tsohon maharbi a ƙasar Zurmi yana ɗura bindigarsa ta toka. Ya kafa gindinta a ƙasa, bakin ya kawo masa kusan ƙirji. Ya zazzago albarushi daga 'yar gora a tafin hannu, ya auna da ido, ya zuba, ya bi da tsumma, ya zaro sandar ƙarfe daga ƙarƙashin bututun ya rinƙa dannawa a hankali yana saurare, kamar bindigar na gaya masa wani abu. Ƙotar ta yi baƙi ta yi sheƙi saboda gumin hannu, ga laya ɗinke a jikinta. Na ce masa, "Baba, in ka harba ba ka samu ba fa?" Ya ce ai shi ya sa ake ce mata harba-ka-ruga. To Amurka, da duk injinanta, harba-ka-ruga ta yi guda miliyan, bambancin kawai tata tana shiga aljihu.

Niyyar ita ce a yi ta zubo su daga jirgin sama a ƙasashen da Jamus da Japan suka mamaye. Talaka ya tsinta, ya ɓoye a riga, ya laɓaɓa kusa da sojan mamaya, ya harbe shi ya ɗauke babbar bindigarsa. Akwai kuma dabara ta biyu, wadda wasu ke ganin ita ce ta gaske: in Jamusawa suka tsinci 'yan kaɗan suka san akwai dubbai a hannun jama'a, barci ya ƙaurace musu. Sai dai manyan kwamandoji, har da ofishin Janar Eisenhower, ba su yi na'am da shirin ba. Gurbin da kwalayen za su ci a jirgi sun fi son a sa makaman da za su yi aiki. An raba wasu a Filifin da Sin da Girka, amma mafi yawansu ba su taɓa ganin yaƙi ba. Da aka gama yaƙin, wasu aka narkar, wasu aka juye a teku. Yau guda ɗaya ta asali, in da kwalinta da tsinkenta, masu tara kayan tarihi na biyan dubban daloli a kanta.

Tsoron ƙaramar bindiga kuwa ya girmi Amurka. Bindigogin farko a Turai da igiya mai ci da wuta ake tayar da su, to wa zai ɓoye wuta a cikin riga? Ga hayaƙi, ga ƙauri, da dare ga jan garwashi. Sai wajen shekarar 1500 aka fito da wata 'yar ƙafar ƙarfe mai haƙora da ake wanawa da mabuɗi, in an ja kunama ta juya ta gogi dutse ta ba da tartsatsi, daidai yadda laitar mai shayi ke yi. Daga ranar bindiga ta iya kwana a ɗane a ƙarƙashin tufa. Sarakuna suka firgita, Sarki Maximilian na Ɗaya ya haramta irinta a ƙasashensa tun kafin 1520. Ranar 10 ga Yuli 1584 wani mai suna Balthasar Gérard ya shiga gidan Yarima William na Orange, jagoran mutanen Holan, a garin Delft, ya harbe shi a gindin matakala da irin wannan fistol. Ramukan harsashin suna nan a bango har gobe, masu yawon buɗe ido na zuwa kallo. Bindigar da aka kashe Shugaba Lincoln na Amurka da ita a 1865 ma tafin hannu na rufe ta. Akwai kuma wani mai gyaran agogo ɗan Ostiriya, Franz Pfannl, da ya ƙera wata 'yar fistol mai suna Kolibri a wajajen 1914, faɗin harsashinta bai kai milimita uku ba, har kama shi da yatsu aiki ne.

Wannan tsohon tsoro yana nan a dokarmu, ko da yake mutane da yawa ba su sani ba. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da 'yan uwanta masu ɗuri ta baki, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke da ikon ba da lasisinsu. Bindigar farauta ta bature, sai Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa suna rukunin farko, na haramtattun makamai, jeri ɗaya da igwa da roka da gurneti da mashinga, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu. Dokar har ta ambaci fistol mai ƙanƙara irin na da, wato ko maƙerin ƙauye ne ya gajarta bindigar toka ta koma ta aljihu, ta tashi daga rukuni na uku ta faɗa na farko. Wanda aka kama da ita ba izini, ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ke jiransa.

A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kai, za a ba kowace daga masarautu 19 fom 500, ciki har da Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da Moriki. Ba a je ko'ina ba 'yan sanda suka ce takunkumin ba da lasisi na nan daram, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ba na zargin manomin da ya ji sanarwar ya yi murna. Wanda aka hana noma gonarsa sai ya biya haraji, wanda ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi zuciyarsa na dukan uku-uku, duk abin da aka miƙo masa kamawa zai yi. Amma kwamandojin 1942 sun hango abin da ya kamata mu ma mu duba. Fistol, ko mai tsada ce, a hannun yawancin mutane aikinta bai wuce 'yan taku ba, su kuwa 'yan bindigar da ke zuwa bisa babura uku-uku suna ɗauke da AK-47 mai cin mutum daga mita 300. Kuma abin da ke ɓuya a aljihu ba ya tsayawa a hannun wanda ya saye shi: yana shiga kasuwa ranar Alhamis, yana zuwa wurin rikicin iyakar gona, yaro na tsintarsa a ƙarƙashin katifa. Gwamnatin da ta biyo baya, ta Dauda Lawal, wata hanyar ta ɗauka, a Janairun 2024 ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, masu kaki da horo da rajista, waɗanda ke riƙe makamansu a fili kowa na gani.