Gudawa Mai Jini da Ta Ƙi Jin Magani: Abin da Binciken Likitoci Ya Gano

Jama'ar kasuwa da iyalai na Gadarif, lafiya uwar jiki. Da yawa daga cikinmu, idan suka ga jini ko majina a bayan gida, sai su ce atuni ne ko basir, su sayi Flagyl su sha, su koma kan buhunan riɗi da dawa. Wani lokaci ciwon yakan lafa. Amma idan gudawa ta wuce mako huɗu, ko tana tafiya tana dawowa, ga rama da kasala, to lokaci ya yi da za a binciki musabbabinta.

A yankinmu, cututtuka huɗu ne suka fi kama da juna ta wannan fuska. Na farko atuni, wanda ƙwayar amiba ko bakteriya ke haddasawa ta ruwa da abinci marasa tsabta. Na biyu bilharziyar hanji, wadda ake ɗauka ta shiga ruwan da dodon koɗi ke zaune, kamar magudanan noman rani na Rahad. Na uku tibin hanji. Na huɗu, wanda ba a cika saninsa ba, shi ne kumburin hanji mai daɗewa.

Wannan na huɗu ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Garkuwar jiki ce take juyawa ta afka wa bangon hanji har ya yi gyambo. Iri biyu ne. Ɗaya yana tsayawa a babban hanji da dubura, kuma likitan Ingila Samuel Wilks ya siffanta shi a 1859. Ɗayan, cutar Crohn, yana iya taɓa ko'ina daga baki har dubura, kuma an sa masa sunan likitan Amurka Burrill Crohn, wanda ya bayyana shi tare da abokan aikinsa a 1932. Yakan fara ne a ƙuruciya, tsakanin shekara 15 zuwa 35, wato lokacin neman abinci da kafa iyali.

Yaya aka san maganinsa? Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A 1955, likitoci biyu na Ingila, Truelove da Witts, suka fitar da sakamakon gwaji a kan marasa lafiya fiye da 200 masu gyambon babban hanji. An raba su gida biyu: wasu aka ba su kotizon, wasu aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan mako shida, kimanin 4 cikin 10 na masu shan kotizon ciwonsu ya kwanta, a ɗaya ɓangaren kuwa ba su kai 2 cikin 10 ba. Ta irin wannan kwatance ne ake raba maganin gaske da jita-jita.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a Gadarif. A asibitin Kassab, da Gondar a Habasha, da wasu asibitoci a Kenya da Uganda, aka gwada haɗa allurai biyu don kala'azar. Sakamakon ya rage jinya daga kwana 30 zuwa 17, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010. Marasa lafiyar da suka yarda aka gwada a kansu, su suka sauƙaƙa wa na bayansu.

Sai dai a yi hattara. Kotizon da ke kwantar da kumburin hanji yana raunana garkuwar jiki. Idan mai amiba ya sha shi, hanjinsa na iya hujewa. Idan mai tibi ne, cutar sai ta bazu. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, da yawansu dangin kotizon ne. Haka kuma magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak suna iya tayar da gyambon. Don haka gwaji shi ne gaba da magani: a duba bayan gida da jini, in ta kama a leƙa hanji da na'ura mai kyamara, a ɗebi ɗan tsoka a bincika.

A garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba idan an ga:
- jini mai yawa, ko jiri da fari a ido da tafin hannu
- zazzaɓi tare da kumburin ciki da ciwo mai tsanani
- gudawar da ke tashin mutum daga barci
- yaron da ya daina girma

Kafin a isa, a riƙa shan ruwan gishiri da sukari. Masu fatauci tsakanin Gallabat da Metema su riƙe takardun gwaji da kwalayen magungunan da suka sha, don likitan kowane ɓangare ya san inda aka tsaya.

Kumburin hanji mai daɗewa yakan lafa ya kuma tashi, amma da magani irin su salfasalazin, ana sha kullum bisa umarnin likita ko da an ji sauƙi, mutum yana iya ci gaba da kasuwancinsa, ya yi aure, ya haihu. Idan aka gayyace ku shiga wani bincike, haƙƙinku ne a yi muku bayani da harshen da kuke ji, ku amince ko ku ƙi, ku kuma janye duk lokacin da kuka so, ba tare da an hana ku magani ba.

Kada kunya ta sa a ɓoye ciwo. Allah Ya ba mu lafiya mai ɗorewa.