Yadda Ingila ke sa ido kan masu rainon yara a gidajensu

A ƙasar Ingila, duk wadda ke son karɓar 'ya'yan mutane ta raine su a gidanta don a biya ta, wajibi ne ta yi rajista, matuƙar yaran ba danginta ba ne, ba su kai shekara 8 ba, kuma rainon ya wuce awa 2 a rana. Hukumar Ofsted, wadda ke duba makarantu, ita ce ta karɓi wannan aiki daga ƙananan hukumomi a shekarar 2001, sannan Dokar Kula da Yara ta 2006 ta shimfiɗa tsarin da ake bi a yau.

Yara nawa aka yarda ta riƙe?

Ginshiƙin ƙa'idojin shi ne adadi. Mai raino ɗaya ba za ta riƙe fiye da yara 6 'yan ƙasa da shekara 8 a lokaci guda ba, kuma har da 'ya'yan cikinta ake lissafawa. A cikin shidan, waɗanda ba su isa shiga makaranta ba kada su wuce 3, jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuwa guda ɗaya tak. Akan yi sassauci idan tagwaye ne ko 'yan ɗaki ɗaya, amma jimillar ba ta haura shida.

Hikimar hakan ita ce, hatsarin da ke kashe ƙananan yara ba ya zuwa da hayaniya. Yaron da loma ta toshe wa maƙogwaro ba ya iya kuka, haka wanda ya kifa cikin bokitin ruwa, kuma mintuna kaɗan na rashin numfashi sun isa su lalata ƙwaƙwalwa. Idan yara suka fi ƙarfin idon mutum ɗaya, yaron da ya yi shiru shi ake mantawa da shi.

Saboda haka aka wajabta cewa a kowane lokaci mai raino tana ganin yaro ko tana jin motsinsa. A lokacin cin abinci kuwa dole ne ta haɗa biyun, tana ganinsa tana kuma jinsa. Yaron da ke barci ma sai an riƙa leƙa shi a kai a kai, jariri kuma a rigingine ake kwantar da shi.

Wa ke zaune a gidan?

Tun da gida ne ba makaranta ba, bincike bai tsaya kan mai rainon kaɗai ba. Duk wanda ya kai shekara 16 da ke zaune ko aiki a gidan, miji ne ko ɗa ko ɗan haya, sai an binciki ko an taɓa kama shi da laifi. Mai rainon kuma sai ta mallaki shaidar koyon taimakon gaggawa na yara, wadda ake sabuntawa duk shekara 3, tare da inshora. An haramta dukan yaro baki ɗaya, kuma ba a ba shi magani sai da rubutaccen izinin iyayensa.

Idan yaro ya ji mummunan rauni ko ya rasu, dole ne a sanar da hukumar cikin kwana 14. Jami'anta na kai ziyara gidajen, suna wallafa rahotonsu a intanet, kuma suna da ikon dakatar da rajista ko soke ta.

Sai dai jami'i ba ya kwana a gidan kowa, kuma tsakanin ziyara da ziyara akan yi shekaru. Iyaye ne ke shiga gidan safe da yamma, su ne kuma ke fara lura idan yara sun ƙaru ko an ga baƙuwar fuska. Ma'aikaciyar da ke ajiye ɗanta a irin wannan gida a Kano ko Kaduna ko Abuja na da haƙƙin yin tambayoyin da jami'in Ingila ke yi: yara nawa ne a hannun mai rainon, wa ke shiga gidan, kuma me za ta yi idan yaro ya shaƙe?