Birkin faifai: Abin da ya sa kayan wani keke ba sa shiga na wani

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, keke ya sake samun daraja a wajen ma'aikata da ɗalibai a Najeriya. Daga cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su akwai masu birkin faifai, wato wanda muƙamuƙin birki ke damƙe wani faifan ƙarfe a tsakiyar taya, maimakon roba ta goge bakin wili. Irin wannan birki ya fi ci, musamman a lokacin damina. Matsalarsa tana fitowa ne ranar da ya lalace, mai keke ya sayo sabo, mai gyara ya ce ramukan ba su dace ba.

Dalili shi ne masana'antar keke ba ta tsaya kan ma'auni ɗaya ba. Tsari uku ne suka fi yaɗuwa.

Tsari uku, ma'auni uku

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne IS. Kunnuwa biyu ne a jikin keke, tsakaninsu milimita 51, noti yana ratsa su daga gefe. Tarkonsa shi ne gaba da baya ba ɗaya ba ne: adaftar da ke ɗaukar faifai mai milimita 160 a gaba, idan aka mayar da ita baya, ta 140 ce.

Na biyu, Post Mount, shi ya mamaye kekunan hawan dutse. Ginshiƙai biyu ne da tazarar kusan milimita 74, noti yana ɗauruwa a cikinsu kai-tsaye. Kowane keke yana da girman faifan da aka ƙera shi a kai. Ana iya ƙara girma da adafta, misali daga 160 zuwa 180, amma ba a iya ragewa.

Na uku, Flat Mount, kamfanin Shimano na Japan ne ya gabatar da shi a 2014 domin kekunan tseren titi. Ramukan muƙamuƙinsa milimita 34 ne a tsakani. A baya, notuna suna ratsa ƙarfen keken daga ƙasa, don haka tsawonsu ya danganta da kaurin ƙarfen. Tsarin ya ƙara bazuwa bayan hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta birkin faifai a gasar titi daga 1 ga Yulin 2018.

Inda adafta ke aiki, da inda ba ta yi

Muƙamuƙin Post Mount yana hawa keken IS da adafta mai sauƙin samu, yana kuma hawa da yawa daga kekunan Flat Mount. Akasin haka, wato ɗora na Flat Mount a kan keken Post Mount, yana da wuya, adaftarsa ma ba ta cika samuwa ba.

Shi kansa faifan iri biyu ne wajen ɗaurawa: mai noti 6, da Center Lock na Shimano wanda zobe ɗaya ke kullewa. Mai noti 6 yana hawa cibiyar taya ta Center Lock da adafta, amma faifan Center Lock ba ya hawa cibiya mai noti 6. Akwai kuma faifai mai milimita 200 da mai 203. Ido ba ya bambance su, amma kowanne da adaftarsa.

Abin da kuskure ke jawowa

Idan adafta ba ta dace ba, takalman birki suna kama wani sashe ne kawai na faifan. Birki ya ragu, takalman su cinye a karkace. Faifan da ya wuce iyakar da kamfani ya gindaya kuwa yana ɗora wa ƙarfen gaba nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba. Cusa washa barkatai ko faɗaɗa rami da zarto na iya sa taya ta juya lafiya a gaban mai gyara, sai a gangara asiri ya tonu.

Kamfanoni a Japan da Turai da Amurka ne ke sauya waɗannan ma'aunai, amma wanda ya sayi keken hannu, babu takardar bayani babu dillalin kamfani a kusa, shi ke biyan kuɗin ruɗanin. Kariyarsa ita ce awo. Kafin ya biya kuɗi, ya auna tazarar ramuka, ya karanta lambar da galibi ke rubuce a jikin faifan, ya tabbatar ko adaftar ta gaba ce ko ta baya. Mafi sauƙi, ya tafi kasuwa da tsohon ƙarfen a hannunsa.